Ɗaki na Huɗu, Bayan Sha Biyun Dare

Kwana tara na yi ina jinyar Baba
a babban asibitin Katsina,
tabarmata a ƙarƙashin gadonsa,
butata a gindin ƙarfen ƙarin ruwa.
Wanda bai kwana a asibiti ba
bai san yawan ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa da dare ba.

Gadon hagu na Istifanus ne, mutumin Malumfashi,
ƙoda ta juya masa baya.
Matarsa Rifkatu ba ta neman gabas,
inda ta durƙusa nan ne alƙiblarta.
Tana haɗe tafuka, ta runtse ido,
ni kuwa a buɗe nake ɗaga nawa
kamar mai tarbar ruwan indararo.
Tana cewa Uba.
Harshena ba zai taɓa juya wannan ba.
Sai dai da Hausa take kuka,
kuma sau biyu, da ta nemi sauƙi ga duk masu ciwo,
bakina ya riga ni cewa amin.

Can ƙurya tsoho Ranau,
Bamaguje daga ƙauyukan Kafur,
ba littafi, ba carbi.
Kafin ya kurɓi kunu
sai ya ɗiga kaɗan a siminti,
wai na ƙasa su fara.
Mai shara ta yi faɗa har ta gaji.
Ya ce da ni, "Yaro, Allah ɗaya ne, wa ya musa?
Nisa dai ya yi,
talaka kuwa ba ya shiga fada sai da ɗan rakiya."
Na ce, "Mu a wurinmu ƙofarsa ba mai gadi."
Ya fara dariya, tari ya karɓe ta.

Likitan dare, Dakta Menon, daga Indiya,
jan zare a wuyan hannunsa.
Ba ya cin naman sa, ko romo.
Ran Litinin azumi yake, amma yana shan ruwa,
na yi ta jinjina abin har gari ya waye.
Ya ce a wurinsu rai ɗan koli ne,
in kasuwa ta watse ya naɗe kaya,
mako mai zuwa ka gan shi a wata rumfa.
Na ce mu kasuwa ɗaya muke ci,
daga nan sai lissafi.
Ya dubi agogo, ya taɓa goshin Baba,
ya ce, "To, kada mu bari ya tashi da wuri."

Dare na bakwai aka ɗauke wuta,
janareto ya yi tari ya mutu,
jijiyar Baba ta ɓuya.
Rifkatu ta haska da fitilar wayarta,
hannunta bai yi rawa ba, nawa ne ya yi.
Ina salati,
Ranau na kiran sunayen da ban sani ba,
likita ya yi shiru, leɓɓansa kawai ke motsi.
Da allura ta shiga, na juya ledar jinin nan:
harafi ɗaya, lamba, kwanan wata.
Ba a rubuta inda mai shi ke fuskanta ba.

Istifanus ya cika ana kiran assalatu.
Da namu ne, kafin azahar mun dawo daga maƙabarta.
Su sai ɗansa ya iso daga Fatakwal,
mako uku, akwati, baƙar kwat, waƙoƙi.
Na tsaya ina lalube a bakina,
na rasa wadda za ta shiga gidansu.
Na ce, "Allah ya ba da haƙuri."
Ta karɓa hannu biyu.

An sallame mu ran Alhamis.
Gabas tana nan inda na bar ta,
ban matsa ko taku ɗaya ba.

Filas ɗin Rifkatu ne dai ya biyo kayanmu,
kore, murfinsa a tsage.
Ba ni da lambarta.
Da shi Baba ke shan shayi bayan asuba,
kullum sai ya tambaya ko ta aiko.